Kafin Baba Direba Ya Yi Ritaya

  

Yau batun zaman ko-ta-kwana za mu taɓa. Wato yadda hukumar gari, ko ƙaramar hukuma, take zama cikin shiri tun gobara ba ta tashi ba, tun ambaliya ba ta zo ba. Da an ce shiri, hankalin kowa sai ya tafi kan mota da kuɗi da kayan agaji. To, ni yau ta wata ƙofar zan shiga. Zan yi magana a kan abin da ma'aikata suka sani, da inda wannan sanin yake tafiya ranar da suka bar aiki.

Ku ba ni aron hankalinku, in fara da misali.

A ce ƙarfe biyun dare ne. Wuta ta kama a kasuwar garinku, layin 'yan katifa. An buga wa 'yan kwana-kwana waya. Mota ta fito da jiniya. Direban matashi ne, watansa shida da kama aiki. Ya iya tuƙi, ba mai raina shi. Ya nufi babbar ƙofar kasuwa, don ita kowa ya sani. Ya tarar teburan 'yan tireda sun cinye rabin hanya, rumfunan kwano sun sunkuyo, mota ba ta shiga. Ya yi baya. Ya zagaya. Minti goma sha biyar sun tafi. An fara feshi, ruwan tanki ya ƙare. A je a ɗebo. A ina? Kowa ya dubi ɗan'uwansa.

Sai wani tsohon maigadi ya ce, "Ai da Baba Direba yana nan, ta ƙofar mahauta zai shigo. Kuma ga rijiyar burtsatse can bayan masallaci, makullin yana hannun ladan."

Ina Baba Direba? Ya yi ritaya bara. Yana gida. Wataƙila ma yana jiyo jiniyar daga kan shimfiɗarsa. An yi masa walima, an ba shi agogon bango da takardar yabo. Ya miƙa makullin mota, ya miƙa kaki. Abin da ya tara a kansa shekara 35 kuwa, ba wanda ya ce masa ya miƙa.

Wannan shi ne batunmu. Yaya hukuma za ta karɓi abin da ke cikin kan Baba Direba kafin ya tafi? Da farko za mu je Maiduguri. Daga nan mu duba ta inda sani yake zurarewa daga ofis. Sai mu leƙa wurare biyu da aka riƙe shi, ya kuma yi rana. Sannan mu zo kan abin yi.

To, bismilla, mu je Maiduguri.

Cikin daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin Talata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Madatsar tana kan kogin Ngadda, kimanin kilomita 20 daga cikin gari, an kuma gina ta ne a tsakiyar shekarun 1980. Ruwa ya malalo ya shiga Gwange, ya shiga Fori, ya shiga babbar kasuwar Monday. Ya shiga fadar Shehun Borno. Ya shiga asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Gidan namun daji na Sanda Kyarimi ya cika, dabbobi da yawa suka mutu, aka yi ta gargaɗin jama'a su yi hattara da kada da macizai. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni 281 suka fice. Mutum sama da 400,000 suka bar gidajensu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

Ga abin da nake so ku riƙe. Wannan ba shi ne karon farko ba. A 1994, a cikin watan Satumba, ruwan madatsar nan ta Alau ya taɓa mamaye Maiduguri. Madatsa ɗaya, kogi ɗaya, wata ɗaya. Tsakaninsu shekara 30 cif.

Yanzu mu yi ɗan lissafi tare. A ƙa'idar aikin gwamnati a Najeriya, galibin ma'aikata suna ritaya ne idan sun cika shekara 35 suna aiki, ko shekara 60 da haihuwa, duk wanda ya riga zuwa. Ɗauki jami'in da yake da shekara 40 a 1994. Shi ne mai ƙarfi a jika a lokacin, shi ya shiga ruwa, shi ya ga unguwar da ta fara nutsewa da gadar da ta fara yankewa. A 2024 shekararsa 70. Ya bar ofis da shekara goma. Wanda ya kama aiki yana ɗan saurayi a 1994 kuwa, shi ma ya fara haɗa takardun fansho. Kujerar ciyaman fa? A jihohi da yawa shekara biyu ce ko uku. Ku ƙirga mutum nawa suka zauna a kanta cikin shekara 30.

Ban kawo wannan don in ɗora wa wani laifi ba. Mutanen Maiduguri sun nuna jarumta, masu kwale-kwale da matasa da jami'an tsaro sun ceci rayuka ba adadi. Lissafin kawai nake nuna muku. Babban bala'i yakan daɗe bai dawo ba, har ya fi zaman ma'aikaci a kujerarsa daɗewa. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Ofis ne yake mantawa.

Kowane gari kuma da nasa. Mutanen Kano, dattawanku sun san ɓallewar madatsar Bagauda a 1988. Mutanen Sakkwato, kun san ruwan 2010. Ƙasa baki ɗaya ta ga ambaliyar 2012, ta sake ganin ta 2022 wadda ta ci rai sama da 600. Ga Mokwa a jihar Neja, ƙarshen watan Mayu 2025. 'Yan'uwa na Yamai, ba ku manta yadda kogin Kwara ya tsallake shinge a 2020 ba. Kowa ya tambayi kansa, a ofishin garinmu, wa ya rage cikin waɗanda suka yi aiki a wancan karon?

Wani zai ce ai akwai hukumomi. Gaskiya ne. Akwai NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, tun 1999. Jihohi suna da nasu, waɗanda ake kira SEMA. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana faɗin yadda damina za ta kasance. Hukumar NIHSA mai lura da koguna tana fitar da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Aiki ne mai kyau. Amma ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan. Takardar da ta fito daga Abuja za ta ambaci sunan ƙaramar hukumarku. Ba za ta gaya muku kwalbatin da yake fara toshewa ba. Ba za ta gaya muku lungun da ruwa yake fara shiga ba, ko makarantar da ke kan tudu wadda rufinta ba ya yoyo. Wannan sanin a cikin gari yake, a kawunan mutane ƙalilan.

Masu sauraro, mun shigo kashi na biyu. Ta ina sani yake zurarewa?

Masana harkar gudanarwa sun raba sanin da hukuma take da shi gida biyu. Akwai na takarda, akwai na ka. Na takarda shi ne rahoto, da taswira, da jerin lambobin waya. Na ka shi ne wanda mutum ya tara da gogewa, wanda shi kansa bai san ya sani ba sai an taɓo shi. Uwargida, ke kin fi kowa gane wannan. Ana iya rubuta yadda ake tuƙa tuwo a takarda. Amma sanin lokacin da talge ya yi, a ido yake da hannu. To, haka aikin ceto yake. Rabinsa a fayil, rabinsa a ka.

Na ka yana tafiya da ritaya. Yana tafiya da rasuwa. Yana tafiya da canjin wurin aiki, inda za a ɗauke mutumin da ya san magudanan ruwan gari kamar tafin hannunsa, a mayar da shi sashen haraji a wata ƙaramar hukumar. Takardar miƙa aikin da zai bari, me ke cikinta? Tebur ɗaya, kujera biyu, fanka ɗaya ba ta aiki. Kayan ofis ake miƙawa. Ba a miƙa sanin aiki.

Na takarda fa, kuna tsammani shi ya tsira? Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona.

Wata shekara na je wata sakatariya neman rahoton ambaliyar da aka taɓa yi a yankin. Wannan ofis ya tura ni wancan, wancan ya ce mai riƙe da makulli ya fita. Da la'asar wani dattijon masinja ya tausaya mini, ya kai ni sito. Da ya buɗe ƙofa, warin danshi ya fara tarbarmu. Fayiloli ne a ƙasa, ɗaure da igiya, an jibga su har kusa da taga. Gara ta yi gini a jikin na ƙasan. Muka yi ta tono har muka samo shi. Shafukan farko sun manne da juna, in ka ja sai su yage. Abin da ya karantu shi ne jerin kayan da aka raba. Buhun shinkafa kaza, bandir na kwano kaza, tabarmi kaza, bargo kaza, ga sa hannu ga hatimi. Na duba daga farko har ƙarshe. Babu layi ɗaya da ya ce ga ta inda ruwan ya shigo, ga lokacin da ya shigo, ga inda mutane suka fake.

Na yi tsaki. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, wannan kake nema? Ai da ka tambaye ni." A tsaye, a bakin ƙofar siton nan, cikin minti goma, ya zayyana mini komai. Ruwan ta bayan makabarta ya ɓullo, bayan sallar isha. Kwalbatin bakin tasha ne ya toshe da ledoji da karan dawa. An fara kai mutane wata firamare, sai ita ma ta cika da ruwa, aka sake kwashe su cikin dare zuwa masallacin Juma'a. Na ce, Baba, an rubuta wannan? Ya yi dariya. Ya ce wa zai tambayi masinja? A shekarar nan kuma zai yi ritaya.

Kun ga matsalar. Muna rubuta abin da mai binciken kuɗi zai tambaya. Ba ma rubuta abin da mai aikin ceto zai nema nan da shekara goma.

Sai kuma wata kafar, wadda ita ce ta fi ba ni takaici. Canjin gwamnati. Sabon ciyaman ya zo da mutanensa. Duk abin da na baya ya fara, ko mai kyau ne, sai a tura shi sito. Kwamitin agajin gaggawa a rushe shi, a kafa sabo da sababbin fuskoki, su fara daga baƙi da wasali. Jama'a, ambaliya ba ta da katin jam'iyya.

Mu sha ruwa, mu shiga kashi na uku. Wurare biyu da aka riƙe sani ya yi rana.

Na farko wani tsibiri ne a ƙasar Indunusiya, sunansa Simeulue, a gefen lardin Aceh. A 1907 girgizar ƙasa ta tayar da wata gagarumar igiyar teku, irin wadda ake kira sunami, ta hallaka mutane masu yawa a tsibirin. Waɗanda suka tsira suka ba abin suna a harshensu, smong. Suka sa shi cikin labaran da kaka take ba jikoki, da waƙoƙin renon yara. Saƙon gajere ne. In ƙasa ta girgiza, ka ga teku ya janye, bar komai ka hau tudu. Shekara 97 ana maimaita wannan. Ranar 26 ga Disamba 2004, ƙasa ta girgiza, teku ya janye. Mutanen tsibirin suka ruga kan duwatsu. Wannan igiyar ta kashe mutum sama da 200,000 a ƙasashe daban-daban. A Simeulue, mai mutum wajen 78,000, kuma kusa da inda girgizar ta taso, waɗanda suka rasu ba su kai goma ba.

Me ya cece su? Labari ne da ba a bari ya mutu ba. Amma ku lura da wani abu. Gida yana da kaka. Ofis ba shi da kaka. A gida, labari yana gangarowa da kansa, a gindin murhu, a kan tabarma. A ofis kuwa, in ba a sa wani ya yi aikin kakar nan da gangan ba, ba mai yi.

Na biyu a gida ne, Legas. Ranar 20 ga Yuli 2014, wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Likitar da ta duba shi, Dokta Ameyo Adadevoh, ta hana shi fita daga asibiti, ita ma daga baya cutar ta yi ajalinta. Duniya ta tsorata. Ebola a gari mai cunkoso irin Legas? Amma Najeriya tana da wani abu a hannu. Tun 2012 an kafa cibiyar kai ɗaukin gaggawa ta yaƙi da cutar shan inna. Mu nan Arewa mun san aikinsu. Mun san matan da ke bin gida-gida, da allin da suke rubutu da shi a jikin ƙofa, da tawadar da suke shafa wa yaro a ɗan yatsa. A bayan wannan akwai tsari. An san yadda ake raba gari unguwa-unguwa. An san shugaba ɗaya ne yake ba da umarni. An san kullum sai an zauna an duba alƙaluman ranar.

Sai aka ɗebo mutanen da suka goge a wannan aiki, har da Dokta Faisal Shuaib wanda ya jagoranci cibiyar Ebola, aka kai su Legas da tsarinsu. Suka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, ana duba su kullum. Mutum 20 suka kamu a Legas da Fatakwal, 8 suka rasu. Ranar 20 ga Oktoba 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da Ebola. Sanin da aka tara a kan wata cuta, ya yi aiki a kan wata. Ya yi aiki ne don mutanen suna nan, tsarin kuma a rubuce yake, ana aiki da shi kullum.

To, jama'a, mun zo kashi na huɗu. Mene ne abin yi? A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne aikin yake. Ciyaman, kansila, darakta, hakimi, mai unguwa, da ku nake.

Na farko, mu koma wajen Baba Direba. A ce saura wata shida ya yi ritaya. Don Allah kada a miƙa masa fom a ce ya cike. In ka ce masa, "Baba, rubuta mana abin da ka sani," zai ce, "Ɗana, me na sani? Tuƙi ne kawai." Ba ɓoyewa yake ba. Sanin ka ba ya fitowa da irin wannan tambayar. Da labari yake fitowa.

Ka sa shi a gaban mota, sabon direba yana tuƙi, wani yana baya da waya yana naɗar murya. Ku zaga gari. Ka ce, "Baba, wace gobara ce ta fi ba ka wuya? Ta ina ka shiga? A ina ka ɗebi ruwa da tanki ya ƙare? Wa ka tasa daga barci?" Za ka sha mamaki. Zai nuna maka lungun da mota ba ta juyawa. Zai nuna maka gidan man da yake ba da ruwa ko tsakar dare ne. Zai ce wannan gadar kada ka hau ta da tanki cike. Idan kun dawo, a zauna a rubuta. A karanta masa, ya gyara. Haka za a yi wa duba-gari, da ma'aikacin ruwa da ya san inda kowane bututu ya bi, da malamar asibiti da ta ga kwalara sau uku. Kuma kada a manta da masinja.

Na biyu, taswirar unguwa. Ba sai an jira injiniya ba. Babban kwali da alƙalami sun isa a fara. Mai unguwa ya tara dattawa, da masunta in akwai kogi, da sarkin kasuwa. A zana inda ruwa yake fara shiga. A zana tudu. A zana makarantar da za a fake, a kuma rubuta ko tana da banɗaki da rijiya. Sannan a kira mata. Ina maimaitawa, a kira mata. Ungozoma ta san gidan da ke da mai tsohon ciki. Matan unguwa sun san ɗakin da tsohuwa take kwance ba ta iya tashi, da gidan kurman da ba zai ji shela ba. Taron da maza zalla suka yi ba zai san wannan ba.

Ga kuma wani abu mai arha ƙwarai. Idan ruwa ya janye, a sami fenti a ja layi a bangon makaranta ko na kasuwa, daidai inda ya tsaya, a rubuta shekara. A birnin Faris na Faransa, har yau akwai irin wannan alama a jikin gine-gine, ta ambaliyar 1910. Gara ba ta cin wannan. Mai son sayen fili ma ya gani da idonsa.

Na uku shi ne zaman bita bayan aiki. Sojojin Amurka ne suka fito da wannan tsari a shekarun 1970, yanzu asibitoci da hukumomin agaji a duniya suna amfani da shi. Ma'anarsa, duk lokacin da aka gama wani aikin gaggawa, babba ko ƙarami, waɗanda suka yi aikin su zauna cikin 'yan kwanaki, tun abin yana ɗanye a ka. Tambaya huɗu ce kawai. Me muka shirya yi? Me ya faru a zahiri? Me ya kawo bambancin? Me za mu gyara? In sake faɗa. Me muka shirya, me ya faru, me ya sa, me za mu gyara.

Sauƙin faɗa gare shi, amma a wajenmu akwai inda gizo yake saƙa. In darakta ya fara magana, an gama. Kowa sai "haka ne, ranka ya daɗe." Don haka ƙaramin ma'aikaci ne zai fara, oga ya yi magana a ƙarshe. Kuma a yi alkawari tun farko, abin da aka faɗa a zaman nan ba zai zama takardar tuhuma ba. In mutum ya san cewa faɗin "mun iso babu mai a mota" zai jawo masa dakatarwa, wallahi ba zai faɗa ba. Zai ce komai ya tafi daidai. Baɗi kuma a sake isowa babu mai.

Na huɗu, ajiya. Abin da aka rubuta, a ajiye shi wuri uku. Ɗaya a ofis, a kan kanta, ba a ƙasa ba. Ɗaya a kwamfuta ko a intanet. Ɗaya a gidan hakimi ko dagaci, domin sarauta ta fi kujerar siyasa daɗewa. Me ya sa uku? Domin ranar da ake buƙatarsa, wataƙila ofishin ma yana cikin ruwa, wuta ta ɗauke, waya ba sabis. A rubuta shi da harshen da masu aikin suke ji. Rahoto mai shafi ɗari da Turanci, wanda direba da maigadi ba za su iya karantawa ba, ado ne kawai. Shafi biyu da Hausa, da boko da ajami, a manne a bango, sun fi shi amfani.

Jerin lambobin waya kuma yana tsufa kamar kayan miya. Mutane suna canja layi, suna canja gari, suna rasuwa. Duk wata uku a sa mutum ɗaya ya kira kowace lamba. Wadda ba ta shiga ba, a gyara. Ku ma a gida ku riƙe 112, lambar kiran gaggawa ta ƙasa, ku haɗa da lambar 'yan kwana-kwana na garinku.

Na biyar, atisaye. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Japan, kowace 1 ga Satumba rana ce ta gwajin shirin bala'i, don tunawa da girgizar ƙasar 1923 da ta kashe mutum sama da 100,000 a Tokyo da kewaye. Makarantu da ofisoshi suna fita su gwada. Mu lokutanmu a bayyane suke. Kafin damina, a gwada na ambaliya. Kafin hunturu, lokacin da ake kwana da garwashi a ɗaki, a gwada na gobara. A fito da motar, a bi hanyar da Baba Direba ya nuna, a ga ko har yanzu tana shiguwa. Sau da yawa za a tarar wani ya kafa shago a kanta. Gara a gano haka da rana tsaka, ana raha.

Akwai wata magana da ba a cika faɗa a fili ba, bari in faɗe ta. Wani ma'aikacin da gangan yake riƙe abin da ya sani. A ransa yana cewa, in na faɗa musu komai, wa zai sake nemana? Kada ku yi saurin zaginsa. Mutumin da ya ga na gaba da shi suna jeka-ka-dawo a kan kuɗin fansho, dole ya riƙe abin da yake ganin shi ne darajarsa. Maganin abin shi ne a girmama shi. A sa sunansa a kan takardar, a ce wannan bayanin wane ne. Bayan ya yi ritaya, a riƙa gayyato shi ranar atisaye ya koyar da yara, a ba shi kuɗin mota, a zaunar da shi a gaba. Da tsohuwar zuma ake magani. Mutumin da aka mayar malami ba ya rowar karatu.

Wani kuma zai ce babu kuɗi. Motar kashe gobara tana da tsada, na yarda. Gyaran madatsa sai gwamnatin sama. Amma littafin rubutu, da kwali, da gwangwanin fenti, da wayar da ke aljihunka, nawa suke?

Kai kuma mai sauraro da ba ka riƙe da kowane muƙami, ga naka. Idan ka haɗu da kansilanku, a ɗaurin aure ne ko a masallaci, bayan kun gaisa ka yi masa tambaya ɗaya. Ranka ya daɗe, abin da ya faru a ambaliyar bara, a ina aka rubuta shi, kuma wa ke riƙe da shi? Ke kuma 'yar makaranta, in akwai kaka ko kakan da ya rage a gidanku, yau da daddare ki zauna kusa da shi da waya. Ki ce, Kaka, ruwan da ya fi kowanne yawa a garin nan, a wace shekara aka yi shi? Ina ya tsaya? Ina kuka gudu? Ki naɗa, ki rubuta, ki kai wa mai unguwa kwafi.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki batun yashe magudanan ruwa kafin saukar damina, da wanda nauyin ya rataya a wuyansa tsakanin hukuma da mutanen unguwa. Sai mun sake saduwa. A huta lafiya.